Jirgi Ya Riga Hanya: Haɗurran Ƙananan Jiragen Sama, 1925 zuwa 1937

A ranar 22 ga Fabrairu 1925 Geoffrey de Havilland ya fara tashi da jirgin Moth a Ingila. Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, na katako da yadi, wanda ake naɗe fikafikansa a tura shi cikin rumfa. A shekarar ce kuma gwamnatin Birtaniya ta soma tallafa wa ƙungiyoyin koyon tuƙin jirgi, kafin a jima masu hali suka fara zagaya Turai da Afirka da jiragen kansu. Haɗurran da suka biyo baya akan ɗora su ne kan gangancin matuƙa ko mutuwar inji. Sai dai idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, wani dalili ne ya fi fitowa fili: jirgin ya yi sauƙin saye da tuƙi tun kafin a tanadi abubuwan da ke tsare ran matafiyi, wato rahoton yanayi, rediyo da tsarin ceto.

Labarin Bill Lancaster babbar shaida ce. A Afrilun 1933 ya bar Reggane a Aljeriya ya nufi Gao cikin jirgin Avro Avian, inji ya mutu, ya faɗi cikin Sahara. Faɗuwar ba ta kashe shi ba, domin ya yi kwana 8 a raye yana rubuta halin da yake ciki. Ƙishirwa ce ta yi ajalinsa, saboda ba shi da rediyo kuma masu nema ba su san inda za su dosa ba. Sai a 1962 sojojin Faransa suka ci karo da gawarsa. Wata uku kafin haɗarinsa, Lady Mary Bailey ta yi saukar dole kusa da Tawa a Nijar, aka same ta da rai bayan 'yan kwanaki. Abin da ya raba makomarsu shi ne inda kowa ya sauka da yiwuwar a gano shi. Bert Hinkler ma, gwanin da ya kai Ostireliya shi kaɗai a 1928, ya faɗi a duwatsun Pratomagno na Italiya a Janairun 1933, ba a ga gawarsa ba sai a Afrilu, alhali a tsakiyar Turai ne.

Mai ja zai ce waɗannan masu neman kafa tarihi ne, da gangan suka sayar da rai, don haka bai kamata a auna masu yawon buɗe ido da su ba. Amma Mary Russell, matar Duke na Bedford, ba gasa take yi ba lokacin da ta tashi daga Woburn a Maris 1937 tana da shekara 71. Gajeren zagaye ta fita, yanayi ya ɓaci, ta ɓace, daga baya teku ta turo ɓaraguzan jirginta gaɓa. Matuƙin wancan zamani da kamfas da taswira yake tafiya, yana bin layin dogo ko kogi da ido. Da zarar gajimare ko ƙura ta rufe ƙasa, mai gajeren zango da mai dogo halinsu ɗaya ne.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, wato cewa wasu jiragen suna da aibi tun daga ƙira. Gaskiya ne fikafikan jirgin Puss Moth sun sha karyewa a sama, kuma haka Glen Kidston ya rasu a Mayun 1931 a yankin Drakensberg na Afirka ta Kudu, cikin jirgin aro. Duk da haka, iska mai tsanani ce ta fallasa aibin, irin wadda rahoton yanayi zai iya sa matuƙi ya kauce mata. Ban da wannan, aibin ƙira ya gyaru cikin 'yan shekaru, domin an binciki tarkacen an ƙarfafa fiffiken. Rashin tashoshin yanayi da na rediyo kuwa ba kamfani ɗaya ne zai magance shi ba, aiki ne na gwamnatoci, shi ya sa ya daɗe.

Ba a wanke matuƙan sarai, tun da Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Lancaster ya tashi a gajiye duk da an ba shi shawarar ya dakata. Amma ɗora laifin duka kan mamaci ya sauƙaƙa wa hukumomin da suka ƙarfafa mutane su tashi alhali ba su shirya masu hanya ba. Dokar sanar da hanyar tafiya kafin tashi, da rediyo, da na'urar da ke nuna inda jirgi ya faɗi, su ne suka sa mutuwar inji a yau ba lallai ta zama mutuwar matuƙi ba.