Kore, Fari, Kore: Tarihin Tambarin da ke Fiffiken Jiragen Yaƙin Najeriya

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wata sha'awa da ta daɗe, ta harhaɗa ƙananan samfuran jiragen sama na roba. Mutum zai sayi kwali ɗauke da sassan jirgi, ya manne su da gam, ya yi musu fenti. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ɗaya bisa 72, saboda haka jirgin MiG-17 mai tsawon mita 11 yakan koma kamar santimita 15, abin da zai zauna a tafin hannu. Aiki na ƙarshe shi ne manna tambura: a tsoma takarda a ruwa, siririn fatar da ke ɗauke da zanen ta saki, a zame ta a hankali zuwa kan fiffike.

Kwalin yakan zo da tamburan manyan ƙasashe kawai. Wanda yake son jirginsa ya fito da kamannin na wata ƙasa dabam sai ya nemi takardar tambura ta musamman daga kamfanoni irin su Microscale na Amurka ko Xtradecal na Ingila. A cikin tamburan da masu wannan sha'awa ke nema akwai wata da'ira mai kore a waje, fari a tsakani, kore a tsakiya. Tambarin Rundunar Sojin Saman Najeriya ke nan, kuma tarihinsa ya ratsa ta Kano kafin ya iso sararin samaniyar Zamfara.

Faransa ce ta fara zana irin wannan da'ira a jikin jiragen soja a 1912. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, Ingila ta fara da zana tutarta, sai aka lura cewa daga nesa gicciyen da ke cikinta yana kama da na Jamus, har sojojinta na ƙasa suna harbin jiragensu. Dole ta koma ga da'ira. Tun daga farko ke nan amfanin tambari shi ne wanda ke ƙasa ya san na wane ne ke bisa kansa.

An kafa rundunar sojin saman Najeriya da dokar majalisa a watan Afrilu 1964, da taimakon Jamus ta Yamma, har ma shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Launukan tambarinta daga tutar ƙasa aka ɗauko su, wadda Michael Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959. Amma lokacin da yaƙin basasa ya fara a watan Yuli 1967, rundunar ba ta da jirgin yaƙi na gaske, na horo da na ɗaukar kaya kawai gare ta. Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya ga Tarayyar Sobiyet.

A watan Agusta na wannan shekara manyan jiragen dakon kaya suka fara sauka a filin jirgin Kano ɗauke da MiG-17 da MiG-15 na horo, aka harhaɗa su a nan. Jiragen L-29 suka zo daga Cekoslobakiya, daga baya masu jefa bama-bamai samfurin Il-28 suka biyo. Da yake ba a gama horar da 'yan ƙasa ba, da yawa daga cikin matuƙan farko Misirawa ne. Jirgin na Sobiyet, matuƙin na Masar, tambarin na Najeriya: abin da ke fiffiken ne kaɗai ke faɗin wace ƙasa ce ke da alhakin abin da jirgin ya aikata.

Nauyin wannan alhaki ya bayyana ranar 5 ga Yuni 1969, lokacin da wani MiG-17 na Najeriya ya harbo jirgin DC-7 na ƙungiyar agaji ta Red Cross a kusa da Eket, ma'aikatansa duka suka mutu. Makonni biyu kafin haka, wani Basuwide mai suna Carl Gustaf von Rosen ya jagoranci ƙananan jirage samfurin MFI-9 suka kai wa filin jirgin Fatakwal hari a madadin Biyafara. A watan Oktoba na shekarar kuma shugaban rundunar kansa, Kanar Shittu Alao, ya rasu a haɗarin jirgin L-29 da yake tuƙawa.

Bayan yaƙi kuɗin mai suka shigo, aka faɗaɗa saye. MiG-21 suka iso a 1975. A farkon shekarun 1980 aka sayi Alpha Jet 24, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, sai Jaguar 18 daga Ingila da suka fara isowa a 1984. Jaguar ba su yi dogon kwana ba; kuɗin kula da su ya gagara, aka ajiye su a farkon shekarun 1990. Alpha Jet kuwa suka yi aiki a Laberiya da Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG, suka dawo gida suka ci gaba da tashi.

Mai buga takardar tambura yana buƙatar sanin abubuwan da hukuma ba ta cika damuwa da adana su ba: lambar da ke jikin kowane jirgi bayan haruffan NAF, girman da'irar, inda aka zana tuta a wutsiya, da launin fentin ɓad-da-kama a wace shekara. Wannan buƙata ta sa masu bincike na waje suka bi tsofaffin hotuna ɗaya bayan ɗaya. Littafin Michael Draper na 1999 a kan yaƙin sama na Biyafara, da littattafan African MiGs na Tom Cooper da abokan aikinsa, daga irin wannan naci suka fito. A gida, Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia yana riƙe da wasu daga cikin jiragen wancan zamani. Duk da haka, mafi yawan cikakken bayanin da ake da shi a rubuce a waje aka tattara shi, a waje aka buga shi.

Ga mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum, jirgin da ake ajiye samfurinsa a kanta a Turai a matsayin kayan tarihi, ƙararsa suke ji a bisa gonakinsu. A 2018 rundunar ta ƙaddamar da farmakin da ta kira Diran Mikiya a kan 'yan bindigar dazuzzukan Zamfara, tana kuma da sansani a Gusau. A watan Maris 2021, bayan sace ɗaliban Jangebe, Shugaba Muhammadu Buhari ya haramta shawagin jirage a sararin jihar, a daidai lokacin da ake ta zargin cewa wasu jiragen da ba a san masu su ba suna sauka a daji. Ranar 18 ga Yuli na shekarar, 'yan bindiga suka harbo wani Alpha Jet a jihar. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya diro da laima, ya fake da duhun dare yana neman hanya da wayarsa har ya kai ga wani sansanin soja. A lokacin, samfurin jirgin da ya tuƙa ya kusa shekara 40 yana aiki a Najeriya.

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Wata rana za a ajiye Alpha Jet kamar yadda aka ajiye MiG-17 da Jaguar, kuma masu buga tambura za su nemi lambar kowane ɗaya da launinsa. Za su samu. Abin da ba zai shiga takardarsu ba shi ne ranakun da jiragen suka tashi, dazuzzukan da suka nufa, da abin da ya samu ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu, na tsira da na asara. Wannan ɓangare yana bakin mutanen yammacin Zamfara, kuma rubuta shi tun masu shaida suna raye aiki ne da ke jiran malaman tarihi da 'yan jaridar yankin.