Miksa a manhajar haɗa kiɗa

Miksa sashe ne na manhajar haɗa kiɗa inda ake daidaita muryar mawaƙi da ta 'yan amshi da kayan kiɗa. Kowane sauti da layinsa: a ɗaga shi ko a rage, a karkata shi dama ko hagu, a tace shi, a sa masa amsa-kuwwa.

A situdiyoyin Kano ana yawan amfani da manhajar FL Studio, wadda kamfanin Image-Line na Beljiyam ya sauya wa suna daga FruityLoops a 2003. Mai sauraron waƙar Hausa baiti yake bi, shi ya sa a miksa ake ɗora murya a sama. In kalangu ko fiyano ya danne kalma, aikin ya ɓaci, komai daɗin kiɗan.