Bayarwa da Amshi: Tarihin Rera Waƙa Cikin Taro



A shekarar 1955 Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarin duwatsun Birnin Kudu, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude. A nan ya ga waɗansu duwatsu waɗanda in an buga su sai su yi amo kamar ƙararrawa, kowane gurbi da irin muryarsa. Ramukan da bugu ya bari a jikinsu shaida ne cewa mutanen wannan ƙasa sun daɗe suna taruwa don kiɗa.

Na fara da wannan ne domin tambayar da ke gabanmu ita ce: yaya za a shirya waƙoƙin gargajiya don ƙungiyoyin mawaƙa na makarantu da na gari?

Turawa sun riga sun ba da tasu amsar. A Ingila, Cecil Sharp ya soma tattara waƙoƙin ƙauye a 1903. A Hangare kuwa, Bartok da Kodaly suka shiga karkara da na'urar ɗaukar murya wajen 1906. Daga baya aka raba irin waɗannan waƙoƙi gida huɗu, watau muryoyi biyu na mata, biyu na maza, wannan na hawa, wancan na sauka. Ta hanyar makarantun mishan tsarin ya iso Nijeriya, har Fela Sowande da Laz Ekwueme suka gwada shi a kan waƙoƙin Kudu.

To, amma Hausa harshe ne mai karin sauti. Alal misali, tashi da faɗuwar murya su ne babban abin da ke raba wuya na jiki da wuya ta wahala. Idan aka tilasta wa rabin mawaƙa su hau a gaɓar da harshe ke sauka, daɗin amo ya samu, amma ma'ana ta raunana.

Bahaushe kuwa yana da nasa tsarin tuntuni: ɗaya ya bayar, taro ya amsa. Haka 'yan mata suke gaɗa a dandali daga Birnin Kudu har Gwaram, zabiya na bayarwa, saura na amshi da tafi. Haka mata suke a daɓe, haka manoma a gayya. A Sakkwato makaɗan fada, irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, sun ƙawata abin, har yaran makaɗi su karɓe ɗan waƙa daga bakinsa su ƙarasa. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata na majami'u ma wannan hanya suka bi, haka kuma 'yan Islamiyya.

Abin tsoro shi ne dandali yana mutuwa, waƙar da ba a rubuta ba kuwa tare da mai ita ake binne ta. Saboda haka nake roƙon jami'an ilmi da na al'adu su naɗi muryoyin tsofaffin zabiyoyi tun suna raye, su rubuta sunan kowace da garinta, sa'an nan a koya wa yara bisa bayarwa da amshi. Wanda yake son ƙara murya ta biyu, to, ya bar ta ta bi karin harshe.