Matatar ruwan ƙazanta: yadda take aiki da abin da ya shafi Manchok da Kafanchan

Matatar ruwan ƙazanta wuri ne da ake tara ruwan da ya fito daga ban-ɗaki, wurin wanka, mayanka da masana'antu, a tsabtace shi kafin a sake shi cikin rafi. Daban take da gidan ruwan famfo. Shi gidan ruwa yana tace wanda za a sha ne, ita kuwa tana kula da wanda aka gama amfani da shi.

Halin da ake ciki a yankinmu

A Manchok da ke ƙaramar hukumar Kaura, da Kafanchan, hedikwatar Jama'a, babu babban bututun da ke kwashe ƙazantar gidaje zuwa matata. Kowane gida da masansa ko sokawe, ruwan wanka da wanke-wanke kuma kwata yake bi. Lokacin da gidaje ke warwatse, ƙasa tana shanyewa ba a ji ba a gani. To yanzu gari ya cika, filaye sun matse, sai ka tarar masan wani yana dab da rijiyar maƙwabcinsa. Ga shi yankin na da ruwan sama mai yawa. Da damina ruwan ƙasa kan taso, abin da ke cikin rami ya tsiyaya zuwa rijiya. Ta nan kwalara da taifot ke samun ƙofa. A 2021 kaɗai, hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu.

Yadda ake tacewa

Da farko ruwan yana ratsa ragar ƙarfe mai tare leda, tsumma da robobi, sannan a rage masa gudu yashi ya kwanta. Daga nan sai manyan tankuna inda ake hura masa iska. Iskar ce ke raya wasu ƙananan halittu masu cinye dattin da ya narke a ciki. A birnin Manchester na Ingila aka gano wannan dabara a 1914. Bayan haka sai a bar laka ta kwanta, a kashe sauran ƙwayoyin cuta da sinadarin kulorin ko wani haske na musamman, a saki ruwan. Lakar kuma a shanya ta. Idan an sarrafa ta yadda ya kamata, taki ce.

Misalin Wupa a Abuja

Babbar matatar da aka fi sani kusa da mu ita ce ta Wupa, a yankin Idu na Abuja, wadda aka buɗe a 2007, tana ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta Abuja, wato AEPB. An tsara ta don ɗaukar ƙazantar mutum 700,000, kimanin kyubik mita 131,000 a rana, tare da damar ƙara ta zuwa mutum miliyan ɗaya. Ba famfo ake yi wa ruwan daga cikin gari ba, gangara yake bi ta manyan bututu, idan an tace shi a zuba a rafin Wupa.

Sai dai ta daɗe tana aiki ƙasa da ƙarfinta, domin unguwanni da yawa ba a haɗa su da babban bututun ba. Ga kuma batun wuta: injinan hura iska ba sa hutawa dare da rana, in aka ɗauke wuta sai janareto da dizal. Wato gina matata abu ne guda, kai mata ruwan da riƙe ta wani abu ne daban.

Faɗaɗawa da ingantawa

Ana yawan haɗa kalmomin nan biyu, amma ba ɗaya ba ne. Faɗaɗawa ita ce ƙara tankuna da bututu domin a ɗauki ruwan ƙarin jama'a. Ingantawa kuwa ita ce sauya tsofaffin injina, ko ƙara wani mataki domin ruwan da ke fita ya fi na da tsabta. Idan kuka ji an ba da kwangilar irin wannan aiki, abin tambaya shi ne: gidaje nawa za a haɗa, wa zai biya kuɗin wuta, kuma wa zai riƙa auna ruwan da ake saki?

Abin da ya dace da ƙananan garuruwa

Gari kamar Manchok ba lallai sai irin ta Wupa ba. Akwai tsarin tafkuna da ake haƙawa a jere, ruwan ya riƙa wucewa daga wannan zuwa wancan na tsawon makonni, rana da gansakuka su yi aikin da inji zai yi. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ta daɗe da irin wannan tsari. Fili yake ci, ba wuta ba, shi ya sa ya kamata a keɓe filin tun gari bai cinye shi ba. Ko ba bututu, wuri irin wannan zai ba motocin kwasar masai inda za su juye kayansu, maimakon daji ko bakin rafi inda masu noman rani ke ban-ruwa.

Kafin a kai ga haka, ƙa'idar da masana lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma masan ya kasance ta gangare. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a tafasa ruwan sha da damina. Wanda zai haƙa sabon rami kuma ya fara leƙa inda rijiyar maƙwabcinsa take, in da hali ya nemi shawarar duba-gari a sakatariyar ƙaramar hukuma.