Dutsen Malbaza da dutsen Laongo

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa ya ga masana'antar siminti ta Malbaza. Tun shekarun 1960 ake fasa dutsen wannan yanki, a ƙona shi, a niƙe, a ɗura cikin buhu. A wurinmu dutse abin gini ne da niƙa da tare zaizayar gona. Amma a maƙwabtanmu Burkina Faso an ba shi wani aiki dabam.

A shekarar 1989 wani masassaƙi mai suna Siriki Ky ya gayyato abokan sana'arsa daga ƙasashe da yawa zuwa Laongo, kusa da Ziniyare, gabas da Wagadugu. Wurin daji ne mai cike da falalen duwatsu masu tauri. Ba su ciro dutsen sun kai birni ba. Inda Allah ya ajiye shi nan suka same shi, suka bi shi da guduma da ƙarfe har fuskokin mutane da surar mata da dabbobi suka fito daga jikinsa. Daga nan taron ya riƙa maimaituwa, dajin kuwa ya zama gidan kallo marar rufi. Kafin su, mutanen Zimbabuwe sun riga sun buɗe hanya: a 1966 aka kafa ƙauyen masassaƙa na Tengenenge a wata gonar taba, a 1971 kuma aka baje ayyukan ƙasar a gidan tarihi na Rodin da ke Paris.

Kada mai karatu ya ɗauka Nijar baƙuwa ce a wannan fage. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka zana da sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce. Babban ya haura mita 5. Bafaranshe Christian Dupuy ne ya rubuta labarinsu a 1987, aka kuma kafa kwafinsu na alminiyom a filin jirgin saman Agadas. Buzayen Abzin ma sun gwanance da fito da raƙumi da kunkuru daga dutse mai laushi, ko da yake baƙi ƴan yawon buɗe ido ne suka fi saye, kuma da ƙafarsu ta ɗauke kasuwar ta yi sanyi.

Matsalar tamu, a ganina, ta fara ne daga kalma. In ɗalibi ya ci karo da "statue" cikin littafin Faransanci, nan take ya ce gunki, gunki kuwa abin bauta ne, kuma malamai sun yi magana mai nauyi a kan surar mai rai. Ba na raina wannan tsantseni. A gidansa na tashi. Sai dai Hausa tana da "mutum-mutumi", wanda muke kafawa a gona don korar tsuntsaye ba tare da kowa ya durƙusa masa ba. Ita nake rubutawa a allo in darasi ya kai mu Laongo, duk da cewa wasu ɗaliban kan yi dariya, su ce ta yi wa aikin Siriki Ky ƙanƙanta.