Babban Hutu da Ɗakin Karatu a Ƙasar Kurfai: Tarihin Kalanda Biyu

1. Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka, ɗakin karatun jama'a yana da al'adar tsara ayyuka na musamman a lokacin dogon hutun makaranta: karanta wa yara littafi, wasanni, nuna fim, lacca domin manya. A Amurka an soma haka tun shekarun 1890, saboda ƴaƴan birni waɗanda ba su da abin yi in an rufe makaranta. Wannan tsari ya biyo littattafai da ƙungiyoyin agaji har ya iso Afirka ta Yamma. Wannan takarda za ta duba yadda ya gamu da rayuwar ƙasar Kurfai, wadda Filinge ce babban garinta, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Ra'ayinmu shi ne, kafin a yi batun gini ko yawan littattafai, akwai batun lokaci da na harshe, kuma tarihin ƙarni na 20 ya nuna inda aka yi ta saɓani a kansu.

2. Kalandar lakkwal da kalandar gona

Faransawa sun kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, suka ɗora Gado Namalaya a kan sarautar Kurfai. Lakkwal ta zo a bayan bariki, tare da haraji da aikin dole, saboda haka talakawa suka sa ta cikin kayan kwamanda. Wanda yake son ya auna yadda mutanen wannan ƙasa suka ɗauki abin da ya fito daga bariki, sai ya tuna cewa a nan ne, wajajen Shikal, bori irin na Hauka ya ɓullo a 1925, har hukuma ta kama mabiyansa ta tsare. Duk da haka lakkwal ɗin Filinge ta yi ɗalibai da suka yi suna, cikinsu har da Seyni Kunce, ɗan Fandu, wanda ya yi karatun firamare a can.

Lakkwal ta zo da kalandarta daga Faransa: a shiga a watan goma, a fita a ƙarshen watan shida, a yi hutun wata uku, wanda ƴan makaranta suke kira bakansi. A Kurfai waɗannan watanni uku su ne damina. Ruwa yana sauka a watan shida ko na bakwai, ya ɗauke a watan tara, kuma a kan wannan ɗan tsakani abincin shekara ya rataya. Da an yi ruwan shuka kowa sai gona. Daga nan sai noman firi, sai maimai, da doguwar hauyar nan da ake noma da ita a tsaye. Yaron da aka sako daga aji ba hutu ya zo yi ba, hannu ne ya ƙaru a gandu. Ƴan mata suna kai abinci gona, suna taya uwayensu aikin ɗan gayaunansu na kuɓewa da yakuwa. Ƴaƴan makiyaya kuwa, Filani da Buzaye, sun bi dabbobi sun yi arewa.

To, sai mai tsara aiki ya ce a mayar da komai rani, tunda a lokacin ne ake da sarari. Haka makarantar allo ta yi tun dauri: bayan kaka malam yake kwasar almajirai, kuma da daren ɗari ake karatu a gefen wuta. Amma rani yana da tasa illa. Da an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, samari da magidanta sai su tafi biɗa, Yamai ko Nijeriya ko bakin teku, irin tafiyar da Jean Rouch ya bi diddiginta har Gana a shekarun 1950. Garin sai ya rage daga mata sai tsofaffi sai yara, yaran kuma suna aji.

Ke nan da damina gari a cike yake amma babu lokaci, da rani akwai lokaci amma gari ya watse. Duk wanda ya ce zai tara mutane manya da yara wuri guda, wannan ne tarkon da yake jiransa.

3. Masu rani: yaƙi da jahilci

Hukumar yaƙi da jahilci, wadda aka kafa a 1963 da taimakon UNESCO, ta zaɓi rani. Ana buɗe azuzuwan manya bayan girbi, a rufe kafin faɗuwar ruwa, ana koyarwa da harsunan ƙasa. Kafin ita, a 1962, an kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen ƙauye suke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo. Idan muka ɗauki ɗakin karatu a matsayin wurin da jama'a take haɗuwa a kan ilimi, waɗannan biyu sun fi kusa da ma'anar fiye da kabad ɗin littattafan da ke kulle a ofishin diraktan lakkwal.

Inda aikin ya yi rauni shi ne bayan an iya karatu. Mutum ya yi wata huɗu yana haɗa baƙi, ya tashi ba shi da abin karantawa sai ƴan jaridun karkara irin su Ganga da Sabon Ra'ayi ta Madawa, da ƙasidun noma da kiwon lafiya. Akwai kuma wani cikas da ya kamata masana harshe su riƙa tunawa. Bayan taron Bamako na 1966, Nijar ta bi rubutun da ake ninka dogon wasali, alhali littattafan Hausa da ake bugawa a Zariya tun shekarun 1930 ba haka suke ba. Sai a taron Yamai na watan ɗaya na 1980 aka daidaita ƙa'idojin ƙasashen biyu. Wato shekara goma sha huɗu ana yaye masu karatu da wani rubutu, tarin littattafan da ke akwai kuma suna cikin wani. Bambancin ba mai hana karatu ba ne ga gwani, amma ga sabon shiga ya isa ya sa shi ajiye littafi.

4. Masu damina: samariya da ƴan makaranta

Damina ma ba a bar ta haka nan ba. Bayan juyin mulkin 15 ga watan huɗu na 1974, gwamnatin Kunce ta raya samariya ta mai da ita hannun hukuma a kowane gari da unguwa. Samariya ta gina azuzuwa, ta yi gayya, ta dasa itatuwa a ranar 3 ga watan takwas, ta shirya waƙa da rawa da wasan kwaikwayo domin gasar bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976. An soki samariya da cewa kakakin mulki ce, kuma sukar tana da tushe. Sai dai ta san abin da mai tsara aiki daga Yamai yakan manta, wato wuraren da damina take da ƙofa.

Ƙofofin kuwa sanannu ne. Akwai dare, bayan sallar lisha, lokacin dandali da gatana. Akwai ranar Juma'a, da ranar Lahadi da kasuwar Filinge take ci, mutanen ƙauyuka su shigo. Babbar ƙofa ita ce tsakanin gama maimai da fara girbi, daga ƙarshen watan takwas zuwa cikin na tara, lokacin da hatsi ya fid da kai, manomi yana jira. A cikin wannan tsakani ne ɗaliban kwaleji da lise da jami'a, waɗanda suka dawo gida hutu, suke shirya gasar ƙwallo da wasan kwaikwayo da darussan hutu ga ƙannensu, kamar yadda aka saba a garuruwan Nijar. A ganinmu wannan shi ne ainihin shirin hutu na kowa da kowa da ƙasar ta sani: tsoho yana kallo, yaro yana wasa, ɗalibi yana koyarwa. Abin da babu a cikinsa shi ne littafi. Ya kamata a ƙara da cewa wannan tsakani shi ne kuma lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. A shekarun fari irin 1973 da 1984 babu wanda ya yi zancen wasa.

5. Littafin ya zo, amma da wane harshe?

Manyan ɗakunan karatu na ƙasa a birni suka tsaya: cibiyar al'adun Faransa da Nijar a Yamai, wadda aka buɗe a 1963, da takwararta ta Damagaram, da na jami'a da IRSH. Yunƙurin kai littafi karkara ya fito ne daga hukumar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda a Yamai aka rattaba hannu a kan kafa ta ranar 20 ga watan uku na 1970, Diori Hamani yana cikin iyayenta. A 1986 ta ƙaddamar da cibiyoyin karatu da raya al'adu, waɗanda aka fi sani da CLAC, ta fara da Benin, Nijar ma ta samu nata rukuni daga baya. An tsara su ne domin garuruwa masu matsakaicin girma: gari ya ba da ɗaki da mai kula, hukumar ta kawo littattafai da jaridu da kayan wasa da na kallo.

Tunanin yana da kyau, domin ya haɗa karatu da taro. Amma kusan duk littattafan na Faransanci ne, saboda haka masu aro su ne ƴan makaranta da malamansu da ƴan ma'aikata. A gunduma irin ta Filinge, inda ake jin Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Filatanci, wannan yana nufin an ware mafi yawan manya tun daga bakin ƙofa. Wanda ya koyi karatu a ajin rani ba zai sami abinsa a kan kanta ba. Malamin zaure mai ajami, shi ma haka. Ɗalibin da zai iya karanta abin da ke ciki kuwa, a watannin da yake da hutu yana gona.

Shekarun 1990 ba su taimaka ba. Samariya ta rushe tare da mulkin jam'iyya ɗaya a zamanin babban taron ƙasa na 1991, yaje-yajen aiki suka jawo shekarun da aka soke karatu, har kalandar lakkwal kanta ta rikice. Karyewar darajar sefa a watan ɗaya na 1994 ta ninka kuɗin duk littafin da aka shigo da shi daga Faransa. A wannan lokaci ne kuma littattafan soyayya na Kano suka yaɗu ta hanyar kasuwa da shagunan haya, mata suna karɓa hannu da hannu, babu hukumar da ta tsara. Masu tarihin karatu a Nijar sun fi mai da hankali ga abin da aka ba da kyauta, suka yi sakaci da abin da mutane suka sa kuɗinsu suka saya.

6. Daga 2017 zuwa 2025

Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a sassan jahar Tilaberi, har da Abala da ke arewacin Filinge, an kuma rufe makarantu masu yawa saboda rashin tsaro. Taron dare, wanda shi ne ƙofa mafi faɗi a damina, shi ya fara shan wahala. A 2024 aka sauya wa cibiyar al'adu ta Yamai suna zuwa Mustafa Alasan. A watan uku na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, magajiyar ACCT, a watan nan kuma sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Hanyar da littafi ya saba biyowa zuwa karkara ta toshe ke nan, a daidai lokacin da harshen Kurfayawa ya samu matsayi a doka. Aikin da ya faɗo a kan sashe irin namu shi ne a ƙididdige abin da aka buga da Hausa cikin Nijar tun 1963, da wane rubutu, kuma a hannun wa kwafinsa ya rage.