Daga Tushiya Zuwa Filin Makaranta

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta a watan Agusta, ko ya ratsa ta Dawanau ya nufi Bichi, zai yi ta baza ido bai ga inda yaro zai buga ƙwallo ba. Gero da dawa sun kai har gindin danga, wake da gyaɗa sun cike tsakanin kunyoyi, burtali ma da ƙyar jakuna biyu ke giftawa. Ba yau aka fara ba. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson sun fitar da binciken da suka yi a gundumar Ungogo, kuma abin da masana suka tarar a wannan karkara shi ne ana nome fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar duk shekara. Gona ba ta hutu, taki ne ke riƙe da ita, har da wanda jakuna ke kwasowa daga birni. Saboda haka tarihin koyar da yara wasa a nan ya rataya ne a kan abu biyu: ina fili, kuma wa zai tsaya a kansu.

Mutanen dā sun bar wa kaka ta ba da fili. Da zarar an yanke dawa an ɗaure dammuna, an kwashe kara, sai gonar da jiya ba mai taka ta sai mai ita ta zama ta kowa. Yara su tuge tushiya, su share wuri, fage ya samu. Daga nan har saukar ruwan fari, lokacin kokawa ne da langa da dambe, musamman daren farin wata da kuma bukin kalankuwa.

Babu wanda ake kira malamin wasanni a wancan zamani, amma koyarwar tana nan, kuma tana da tsari. A dandali sarkin samari ne ke haɗa sa'o'i, ya hana babba cin zalin ƙarami, ya raba in an hasala. Tsohon ɗan kokawa da ƙarfinsa ya fara ja baya yakan zauna gefen fage yana lura. In ya ga yaro mai zuciya sai ya jawo shi ya nuna masa yadda ake kafa ƙafa, inda ake kama abokin karawa, da yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Ƙarfin jiki kuwa ba a fage ake samo shi ba. Wanda ya yi damina yana huɗa da garma, ya je gayya ya yi tseren kunya da tsaransa, ya ja guga a rijiya mai gaba goma, ya riga ya gama rabin horonsa kafin makaɗi ya ɗaga ganga.

Langa ta cancanci a tsaya a kanta, domin babu wasan da ya fi ta dacewa da yaron ƙauye. Ba ta bukatar ƙwallo, ba ta bukatar takalmi. Yaro ya riƙe ƙafa ɗaya ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar, yana ture abokin gaba, yana kare ruwansu har ya kai masha. A cikinta akwai juriya, akwai daidaita jiki, akwai shawara tsakanin 'yan ɓangare ɗaya kan wa zai tare, wa zai kai hari. Duk abin da littattafan motsa jiki suka zo suna lissafawa daga baya, langa ta riga ta tattara shi.

Dambe nasa gidan daban. Sana'ar mahauta ce ta raine shi, kalangu ne kiɗansa. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka Kano a 1824 ya nemi ganin 'yan dambe, mahauta ne suka fito masa. Ɗan mahauci yakan fara da naɗa tsumma a hannu, ya yi share fage kafin manya su shigo, ya bi ubangidansa kasuwa-kasuwa da rani yana riƙe masa kaya. A haka yake koyon tsayuwa, da yadda hannu ɗaya ke zama garkuwa ɗaya mashi, kafin a yarda a ɗaura masa kara ya yi turmi uku. Ba kowane uba ke so ba. Malamai da yawa sun ƙi dambe saboda layu da tsibbu da ke tattare da shi, ga kuma raunin da yake jawowa, kuma damuwarsu tana da tushe.

'Yan mata kuwa gaɗa ce makarantarsu: tafi, tsalle, faɗawa hannun ƙawaye su cafe, manya na koya wa ƙanana har ranar da aure ya ɗauke su daga dandali.

Boko ya zo da wani tsari. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920, Midil ta Kano a 1927. A irin waɗannan makarantu ne 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e suka haɗu da kurket da ƙwallon ƙafa da wasan Fives, wanda ake buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wasan da Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. A elementare ta gunduma abin bai kai haka ba. Fareti ne da safe, a jera yara, hagu dama, a ɗaga hannu a sauke, bisa manhajar da Ingila ta tsara wa makarantunta a 1933. Sai ranar 24 ga Mayu, ranar bikin daular Ingila, a yi tsere da tsalle da jan igiya a gaban hakimi. Kuskuren wannan tsari a fili yake: ya shigo garin da ke cike da gwanayen kokawa da langa, bai tambayi ko ɗaya daga cikinsu komai ba. Yaro ya tashi da fahimtar cewa wasan makaranta ilimi ne, na dandali kuwa shiririta.

Babban sauyi ya zo a 1976, da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa, UPE. Ƙauyukan Minjibir da Ɓagwai da Tsanyawa da Kunci da ba su taɓa ganin aji ba suka wayi gari ana auna musu filin makaranta. Dagatai da masu unguwanni ne suka sha fama wajen shawo kan masu gonaki, domin a ƙasar da ake gadon kunya-kunya, ba ƙaramin abu ba ne mutum ya saki gonar ubansa. Amma abin da ya fito daga ciki sabo ne fil: karo na farko ƙauye ya mallaki fili wanda ba a shuka shi ko da damina. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta sa motsa jiki cikin darussa, kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar Grade II suna koya wa kowane ɗalibi yadda zai fitar da aji waje. Malamin wasanni ya bayyana da usur a wuya. Shi ke auna fili da igiya, ya ja layi da toka, ya sa a saro itace a kafa raga, ya raba yara gida-gida don gasar shekara. Makarantun kwana irin Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka buɗe a 1977, sun ba wasan yamma lokacinsa a jadawali. Shekara guda bayan haka Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin lig na ƙasa, rediyo ta kai labarin har bukkar da ke ƙarshen gari.

Wannan gini bai daɗe da ƙarfinsa ba. Tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 ya cinye kuɗin kayan wasa. An rufe kwalejojin Grade II, masu digiri da NCE a fannin motsa jiki daga Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi kuma ba su isa ko'ina ba, waɗanda aka samu ma sau da yawa akan tura su cike giɓin wani darasi. Manhajar da ta fara aiki a 2014 ta cusa motsa jiki cikin darasi ɗaya da kimiyya da fasaha da kwamfuta, sai ya koma abin rubutawa a allo. Ana iya samun yarinya ta haddace faɗin filin ƙwallon raga ba ta taɓa riƙe ƙwallon ba, don babu malama mace da za ta fita da su, iyaye kuma ba za su yarda da namiji ba.

Filin ma ya shiga uku. Makarantar da ba katanga, maƙwabci na matso da kunyarsa kaɗan-kaɗan duk damina, sabon ginin aji kuma a tsakiyar fili ake dasa shi. A kewayen madatsun ruwa irin Watari da Tomas, noman rani ya riƙe gonakin da a dā suke zama fage bayan kaka. Alheri ne ga aljihun manomi, amma yaro ya rasa wurin da kakansa ya yi kokawa.

Yau wanda ke riƙe da yaran shi ne kocin unguwa: tela, ko ɗan acaɓa, ko malamin firamare da ya tashi daga aiki. Shi ke bi gida-gida yana roƙon iyaye, ya haɗa karo-karo a sayi ƙwallo, ya tsayar da atisaye in an kira la'asar, ya yi hayar mota zuwa wasan sada zumunci a garin gaba. Burin yaransa su kai gasar Kofin Ramat da ake yi a Kano, ko wata rana su sa rigar Kano Pillars, wadda ta ci lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Aikin da yake yi shi ne na tsohon ɗan kokawar nan na gefen fage, ba albashi, ba takarda, kuma har yanzu makaranta ba ta kira shi ciki ba.

Maƙwabta sun bi wata hanya. Nijar ta mai da kokawa gasar ƙasa tun 1975, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko. Yanzu kowace jiha cikin takwas tana tace 'yan kokawa goma daga garuruwanta, ta ba su mai horarwa, su je neman takobi. A Najeriya ma kokawa da dambe da langa sun shiga gasar wasanni ta ƙasa, ana ba da lambar zinariya a kansu. Yaron Makoɗa da ya iya langa zai iya wakiltar Kano da ita, alhali a firamaren garinsu ba lalle ne a taɓa ce masa ya kama ƙafa ba.